Kin Tabbata, Farfesa?

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Yau na ga haƙoran Dakta. Shekarata ta huɗu ke nan a sashen lissafi da ƙididdiga, ban taɓa sanin mutumin nan yana da wushirya ba. Nuna-Min muke ce masa a bayan idonsa, don ko cewa ka yi ka kwana lafiya, sai ya dube ka kamar yana jiran hujja. Shi ne mai duba furojet ɗina na shekarar ƙarshe. Yau ya juya kwamfutata ta fuskance shi, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan aiki ne." Daga bakinsa, wannan ya fi min kyautar mota.

Bari in rubuta shi yadda zan faɗa ranar difens, ranar da zan kare aikin gaban malamai, don bakina ya saba. Na shiga gida ɗari biyu a unguwarmu. Kowane gida na tambaye su a wace rijiyar burtsatse suke sayen ruwan sha, kuma sau nawa ƙananan yaransu suka yi gudawa cikin wata ukun da suka wuce. Rijiyoyin huɗu ne, ɗaya ta Baba ce. Shi ya sa tun farko Dakta ya ce ba zan yi lissafin ina ganin sunaye ba, wai zuciya tana iya taya hannu danna lamba. Sai ƙawata Tabarau ta karɓe takardun, ta shigar da su kwamfuta da kanta, ta cire sunayen gidaje, ta mai da rijiyoyin A, B, C da D. Ita kaɗai ta san wace ce wace.

A, B da D kusan kansu ɗaya, A ta ɗan fi tsabta. C kuwa ta yi tsalle ta bar su. Yaran da ke shan C sun ninka sauran sau uku wajen ciwo. 'Yar lambar nan da ke faɗin ko abu arashi ne ta fito 'yar mitsitsiya, har sai da na bi sifilan da yatsa.

Na san C. Ta mutumin nan mai buga bulon gini ce, wadda ke bakin kwata. Shekara nawa Baba yana cewa ruwan mutumin nan ko siminti da ƙyar yake yarda ya sha shi. Gobe Tabarau za ta buɗe min haruffan, in zo in nuna wa Baba A ɗinsa a rubuce. Shi da ya zuba kuɗin sallamarsa na aikin direba kaf a ramin nan mutane suna yi masa dariya, yanzu 'yarsa za ta wanke shi da lissafi.

Talata, azahar

Tabarau ba ta zo lakca ba. Na yi ta kira ba ta ɗauka, sai saƙo wai kanta ke ciwo. Yarinyar da ko zazzaɓi take yi sai ta zo ta zauna a gaba ta tare mana allo.

Laraba, hantsi

Na kama ta a bayan ɗakin karatu.

Na ce, "Ke, wai me na yi miki kike guduna?"

Ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi. Ba ta cire shi sai in za ta yi kuka ko za ta yi ƙarya, don haka tun daga nan na sha jinin jikina.

Ta ce, "Ki sake duba lissafin tukuna."

"Na duba. Dakta ma ya duba. Faɗa min kawai, C ta mai bulo ce ko?"

"Ta mai bulo ce A."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, har wasu 'yan aji ɗaya suka waiwayo. Na ce B fa? Ta ce ta makarantar firamare. D fa? Ta bakin kasuwa. Ban tambayi wadda ta rage ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Laraba, bayan la'asar

Na sake. Haka ya fito.

Alhamis, yamma

Na ce wa Tabarau ita ta yi kuskuren shigarwa. Na faɗa mata magana mara daɗi, har da cewa mai ido huɗu amma ba ta gani. Ba ta rama ba. Ta ɗauko takardun duka, muka zauna a ajin da ba kowa, ita tana karantawa ni ina dubawa a kwamfuta, tun safe har mai shara ya kore mu. Mun sami kuskure a wuri biyu. Na ji kamar in rungume ta. Muka gyara, muka sake.

C ta ƙara muni.

Da za mu rabu ta ce, "Akwai gidajen da ciwonsu ya yi yawa fiye da hankali. Dakta da kansa ya ce ana iya cire irin waɗannan in sun fita daban." Ba ta kalle ni ba da take faɗa. Na san don ni ta faɗa, ita da ko satar amsa ba ta taɓa yi ba.

Juma'a, ƙarfe huɗu

Na cire gidajen da suka fita daban. Haka ya fito. Na ce to ko gidajen C sun fi yawan yara? Na sa yawan yara a lissafin. Ko ba sa wanke jarka? Na sa. Ko ba su da banɗaki mai kyau? Na sa. Duk ƙofar da aka koya min a shekara huɗun nan na ƙwanƙwasa ta, C tana nan tsaye ko gezau.

Abin haushin, aikin ya yi kyau. Da ba a faɗa min komai ba, da yanzu ina nan baki har kunne.

Tagar ɗakina tana kallon famfunan rijiyar Baba. Tun ina sakandare ƙarar injin jawo ruwan nan ke tashina da safe, har ban san ina jin ta ba. Yau ina jin ta a haƙorana. Masu kura sun jera jarkoki, Baba yana kan bencinsa da rediyo yana tsokanar su. Littattafan da ke kan teburin nan, kwamfutar nan, har biron da nake rubutu da shi, duk ruwan nan ne ya saye su.

Autar tela ta leƙo da ɗan kofinta na roba. Shekararta uku, gidansu ke jikin namu. Kullum sai ta zo ta tara kofin a famfon ƙarshe, Baba ya ce ta biya, ita kuma ta miƙa masa tsakuwa. Anti Lissafi take ce min. Na ɓoye bayan labule kamar ɓarauniya.

Asabar, da safe

Ruwan leda na saya na ɓoye a jaka. Umma ta gani. Ta ce, "Iye, 'yan jami'a, ruwan gidan ubanku ya yi muku kaɗan?" Na ce maƙogwarona ke ciwo. Ta ce ai na leda ya fi sanyi, wane irin magani ne wannan. Na ce haka likita ya ce. Wane likita, ban sani ba.

Yau zan gaya masa.

Asabar, azahar

Na same shi yana zuba wa janareta mai. Na durƙusa na ce Baba ina da magana. Ya ce, "Farfesa da kanta? Bari in wanke hannu." Tun ranar da na shiga jami'a yake ce min Farfesa, gaban kowa, ko kunya ba ya ji min.

Na faɗa masa komai, gida ɗari biyu, haruffa huɗu, ninki uku. Ina magana fuskarsa tana sauka. Tsumman da ke hannunsa ya yi ta murɗa shi. Da na gama ya kalli tankunan nan biyu da ya fenta da hannunsa, sannan ya dube ni.

"Kin tabbata, Farfesa?"

Sai bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Baba, a ƙididdiga ba a cewa an tabbata. Abin da na gani dangantaka ce tsakanin ruwan da ciwon, ba lallai ruwan ne dalili ba. Wataƙila gidajen sun fi yawan yara, wataƙila jarkokinsu ne. Sai an gwada ruwan."

Ya ce, "Wato ba ki tabbata ba."

"Ba haka nake nufi ba."

"To e ko a'a?"

"Ba a amsa shi da e ko a'a, Baba."

Ya sauke numfashi, ya yi dariya har da dafa gwiwa. "Kai, yarinyar nan kin tsinka min zuciya! Ashe wataƙila ce." Ya tara kofin silba a famfo, ya ɗaga shi a rana in ga yadda yake garai-garai, ya shanye tas. Ya ce in kai a gwada, shi ba ya tsoron gwaji. Sannan ya ja igiyar janareta.

Amsar da na ba shi daidai ce. Na duba littafi, kusan kalma da kalma haka take. Da a jarrabawa ne, da na cinye makin duka.

Ban gaya masa tun jiya na gwada zancen yawan yara da jarkoki bai canja komai ba. Bai tambaya ba.

Lahadi, yamma

Na ci abinci sosai yau, har da ƙari. Ina jin kunyar rubuta wannan.

Litinin, ƙarfe biyu

Na kai ruwan ɗakin gwaji a kwalba. Matar da ke karɓa ta ce kayan aikinsu sun ƙare, in dawo bayan mako uku, ko huɗu, ko in riƙa leƙowa. Na ce yara ke sha. Ta ce, "Ƙanwata, duk kwalaben nan da kika gani a layi, mutane ke sha."

Daga nan na wuce ofishin Dakta na ce ina so in canja furojet. Ya ce saura mako uku difens, ko na sami taɓin hankali ne? Sai na faɗa masa ta wane ce C. Ya ajiye biro.

"Kin gaya masa?"

"Na gaya masa."

"Me ya yi?"

"Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce ba a cewa an tabbata. Sai ya kunna inji."

Na jira ya ce nuna min, ko ya ce amsar ta yi. Bai ce ko ɗaya ba. Ya kalli allon da ke bayan ƙofarsa, sannan ya ce furojet ba ya canjuwa, in kawo babi na huɗu ranar Juma'a. Na tsane shi. Shi ya koya min maganar nan, shekara huɗu yana jan jan biro a duk inda muka rubuta "wannan ya tabbatar", yanzu kuma ya bar ni da ita a hannu.

Talata, bayan la'asar

Matar tela tana shanya a ƙofar gida. Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Anti, da kin riƙa tafasa wa Auta ruwan sha."

Ta yi dariya. "Da wane gawayin? Ruwan babanki ai ko a asibiti sai haka." Sai ta tsaya da zanin a hannu, ta ƙura min ido. "Ko akwai abin da kika sani ne?"

Na ce, "A'a. Kawai dai yanayi ne."

Yanayi. Ni da aka koya wa faɗin abu daidai har ɗigo na uku.

Laraba, da safe

Injin yana yi.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na kasa rubuta babi na huɗu. Na zauna a ajin nazarin tabbatar da ƙa'idoji, malamin yana cika allo da alli, a ƙarshe ya zana ɗan akwatinsa na an gama, ya kaɗe hannu. Na ji hassada kamar in mutu. A can ɓangaren lissafi zalla abu yana ƙarewa. In ka nuna, ka nuna, har abada. Ni na zaɓi ɓangaren da kullum sai an bar 'yar kafa, kashi biyar cikin ɗari, kashi ɗaya cikin dubu. Na zaci wannan tawali'u ne. Ban san mutum zai iya shigewa 'yar kafar nan ya kwanta ba.

Tabarau ta kawo min biskit. Na ce ba na ci. Ta zauna kusa da ni ta cinye. Ban san abin da na yi na sami ƙawa irin wannan ba.

Juma'a, hantsi

Auta ba ta zo da kofinta ba jiya, ba ta zo yau ba. Baba ya aika da tambaya, aka ce cikinta ne. Ya ce yara da kwaɗayi, Allah ya sawwaƙe.

Asabar, azahar

An kai ta asibiti, ana yi mata ƙarin ruwa. Na bi Umma dubiya. Hannunta ya yi ƙanƙanta da allurar, sai a ƙafa aka sa. Idanunta sun faɗa. Ta gan ni, leɓenta ya motsa, ina jin Anti Lissafi take son cewa. Na fita na tsaya a baranda har Umma ta gama.

Yaro ɗaya ba hujja ba ne. Yaran A ma suna ciwo. Na san wannan. Na rubuta shi a bayan hannuna da biro a cikin mota, Umma ta ce me nake yi, na ce bita.

Lahadi, la'asar

Amsar daidai ce. Amsar daidai ce.

Litinin, da safe

Ba a ji keken ɗinki ba yau. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan tela.

Talata

Ban je makaranta ba.

Laraba, azahar

Baba ya kwana biyu yana zaune tare da tela a kan tabarma. Ya ce duk ruwan da gidan zai buƙata a kwanakin nan kyauta ne, masu kura su kai musu kura-kura. Kowa yana sa masa albarka. Ina daga taga ina kallon jarkokin suna shiga.

Na buɗe kwamfuta na nemi gidansu. Ba suna, amma na gane layin: C, yaro ɗaya, shekara uku, ciwo sau biyu. Ni na yi wa uwar tambayar, tana tsintar shinkafa, Auta tana jan igiyar jakata. Na sa sau biyun ya koma uku don in ga me zai canja. A ɗigo na huɗu ne kawai lamba ta motsa.

Lissafina ba zai taɓa gaya min ko ruwan ne ya yi wannan ba. Yana iya magana a kan gida ɗari biyu, ba ya iya magana a kan yarinya ɗaya. In na rayu shekara ɗari ba zan sani ba. Ina jin tsoro, ina jin haushin kaina, kuma akwai sauran yara a layukan nan da C a gabansu, na ƙirga su, ba zan rubuta adadin ba.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Bari in rubuta tun abin yana sabo.

Na fito yana shirin jan igiya. Masu kura uku suna jira. Ban durƙusa ba, ban gaishe shi ba, na riƙe hannunsa. Tunda aka haife ni ban taɓa riƙe hannun Baba haka ba.

Na ce, "Baba, ka sake yi min tambayar ran nan."

Ya ce, "Wace tambaya?" Amma ya gane, na ga ya gane. Ya kalli gidan tela, ya kalle ni. Muryarsa ta yi ƙasa. "Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"An kawo sakamakon gwajin?"

"Ba a kawo ba."

"To ran nan kin ce ba a cewa."

"Ba a cewa a makaranta. Ni dai na tabbata. Yawan yara da jarkokin da na ce maka, na riga na gwada su kafin in zo wurinka. Ba su ba ne."

"Kafin ki zo?"

"Kafin in zo."

Da ya mare ni da na ji sauƙi. Ya zare hannunsa a hankali. Ya naɗe igiyar ya sa a aljihu. Ya bi famfunan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaure su, ya shiga ya ɗauko kwaɗon shagon da ya taɓa yi, ya kulle ɗakin injin. Babban cikin masu kurar ya ce, "Maigida, lalacewa ya yi?" Na yi ta addu'a a zuciyata ya ce e.

Ya ce, "Bai lalace ba. 'Yata ta yi bincike, ta ce ruwan yana sa wa yara ciwo. Ku gaya wa duk gidan da kuka kai wa su zubar."

'Yata ya ce. Bai ce Farfesa ba.

Juma'a, yamma

Shiru ya yi yawa a gidan nan. Umma ta yi min wankin babban bargo a kicin. Ta ce an tura ni karatu in ɗaga gida, na dawo na kashe musu baki a unguwa. Ta ce da me za a ci, da me za a kai ni ƙarshen shekara, kuma in gwajin ya fito ruwan lafiya lau fa, wa zai dawo wa mutumin nan da mutuncinsa? Tana faɗa tana tafasa ruwan da ya rage a duro, tukunya bayan tukunya.

Baba kuwa, ina gaishe shi, yana amsawa da kai.

Lahadi, hantsi

Wasu sun ce asiri mai bulo ya yi mana. Wasu sun ce dama sun daɗe suna jin ɗanɗano. Wata mata ta tsaya a ƙofa tana ɗaga murya a kan ɗanta da ya yi jinya bara. Baba ya fita ya tsaya, hannu a baya, har ta gama. Wani ya ce ramin banɗakin sabon ginin da ke bayanmu ne, wani ya ce bututu ne ya tsage a ƙasa. Kowa ya tabbata. Ni kaɗai ce a unguwar nan na sha wahala kafin in faɗi kalmar.

Litinin, bayan la'asar

Na haɗu da matar tela a lungu, ba hanyar kaucewa. Ta rame. Na gaishe ta, ta amsa. Na wuce, sai ta kira ni.

"Ranar da kika ce in riƙa tafasawa..."

Na tsaya. Na jira. Ta kalle ni, ta gyara mayafi, ta shige gida. Da ta ƙarasa, ko zagi ne, da na san inda zan ajiye shi.

Talata, azahar

Na leƙa ɗakin gwaji. Kwalbata tana nan a layi, an ɗan matsar da ita gaba.

Alhamis, ƙarfe uku

An yi difens. Malamai huɗu a tebur, da baƙon da aka gayyato daga wata jami'a, mai furfura da murya mai taushi. Na yi bayani ban san ina yi ba. Na nuna jadawalin, C tana tsaye ta fi kowa tsawo. Baƙon ya jinjina kai, ya yaba yadda aka ɓoye min sunaye, ya ce haka ake aiki. Sannan ya jingina, ya yi murmushin mai ɗana tarko.

"To, malama. Kin tabbata ruwan C ne ke jawo ciwon?"

Tabarau tana baya, na ga ta cire tabarau. Dakta yana kallon tebur.

Na ce, "Ba a cewa an tabbata, ranka ya daɗe. Dangantaka ce mai ƙarfi, amma sai an gwada ruwan."

Ya buga tebur don daɗi. Ya juya ya ce wa sauran ɗalibai su ji, ga wadda ta fahimci ƙididdiga. Aka tafa min. Na fita na shiga banɗaki na yi amai.

A bakin matakala Dakta ya tsayar da ni. Ya ce, "Injin fa?" Na ce a kulle yake. Ya gyaɗa kai, ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce in gyara shafi na talatin, akwai waƙafi da ya ɓata.

Juma'a, da safe

Ruwan duro ya ƙare jiya. Masu kura sun daina biyowa ta layinmu, ba abin da zai kawo su.

Ina ɗaki na ji ƙarar jarka a tsakar gida. Na leƙa. Baba ne, da tsohuwar rigarsa ta aiki, jarka biyu a hannu. Mutumin da unguwa guda ke layi a ƙofarsa. Ya tsaya a bakin ƙofata, bai shigo ba, yana kallon ƙasa.

"A cikin ukun da suka rage, wacce ce ta fi?"

Na ce, "A."

"Ba harafi na tambaye ki ba."

"Ta mai bulo."

Gefen bakinsa ya motsa, ban sani ba ko dariya ce ko wani abu. Na jira tambayar, na shirya mata, har na ja numfashi.

Bai tambaye ni ko na tabbata ba. Ya ce, "To, Farfesa, sa takalminki. Ba zan iya ɗauko biyu ni kaɗai ba."